Abin da Lokotoro Ya Faɗa da Abin da Anka Gaya Mini

Zuwa ga Nomau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun isa Tera lafiya kai da Zaliha, hanya ba ta wahalshe ku ba. Tun ranar da kunka tashi nake roƙon Allah Ya tsare ku daga abin da ke bisa wannan hanya, wanda ido ke gani da wanda ba ya gani, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya sa albarka cikin aikin da gwamnati ta tura ka. Babanku yana gaishe ku, ƙanwarka Saude da yaranta ma haka. Mu nan Ɗan Kassari sai godiya.

Ban taɓa rubuta maka takarda ba, ban kuma taɓa zama da kai na yi doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari. Ko sunanka na yanka bakina bai taɓa kamawa ba, sai wannan da kakarka ta laƙaba maka don ka zo ana tsakiyar noma. Na so in yi maka saƙon murya a salula, sai na ga muryata ba za ta kai ni ƙarshe ba. Takarda ita ba ta kallon mutum cikin ido. Ka yi haƙuri da rubutun 'yar yaƙi da jahilci, ka karanta a hankali.

Jajibirin tafiyarku, bayan la'asar, ina zaune bakin madafa ina tsinkar zogale. Matarka tana tsakar gida tana ɗaure kwanoninta cikin zane, salularta na bisa tabarma tana magana. Muryar wata ungozomar likita ce, cikin rukunin nan na mata da suke tura wa juna saƙo. Tana bayani a kan mai cikin da ta ga jini, da mai kumburin ƙafa da fuska, da lokacin da likitoci kan ce babu makawa sai an cire ciki don a tsira da ran uwa. Ka shigo daga masallaci, ka tsaya ka ɗan saurara, fuskarka ta sauya. Ka ɗauki salular ka danna abin da ka danna, murya ta ɗauke.

Ka ce mata, "Na goge, na kuma fitar da ke daga cikinsu. Da irin wannan magana ake fara ɓata mata. Matar aure mi ya haɗa ta da zancen zubar da ciki?"

Ta ce, "To." Ta ci gaba da ɗaurin kwanoninta.

Ni ma ban tanka ba, don ba na so in yi maka magana gaban matarka. Amma wannan "to" ta tsaya mini a rai, saboda na san ta. Na taɓa yin irinta.

Ba ku gaya mini ba, ba kuma sai kun gaya mini ba. Na ga yadda take kauce wa warin daddawa, na ga yadda take zagayawa bayan rumbu ta tofar da yawu. Allah Ya raba lafiya. To, ka kai ta ƙasar Zabarmawa, ita ba ta jin Zabarmanci, ba ta jin Faransanci, kai kuwa kana jin duka biyu. Duk abin da za a faɗa mata a gidan likita, ta bakinka zai biyo. Shi ya sa zan ba ka labarin da ba ka sani ba. Na gaya wa babanku zan rubuta shi. Ya ce, "Rubuta."

Bayan haihuwar ƙanwarka Saude, na yi ciwon nan na kumburi da haki da mata kan yi bayan wankan jego. Wasu sunka ce iska ce. Anka yi mini turare, kakarka har ta kai kaza wurin masu bori ba da sanin babanku ba. Daga baya anka samo mini ƙwayoyi daga likita, jikin ya lafa. Saude ba ta kai yaye ba wani cikin ya shiga, ciwon kuma ya dawo da ƙarfinsa. Daga rijiya zuwa gida sai na sauke tulu na huta a hanya. In na kwanta numfashi ya ƙi, sai dai in jingina da bango.

Lokacin babanku yana koyarwa a lakkol, makarantar boko, kowa Mushe, wato malam, yake ce masa kamar yadda ake ce masa har yau. Ranar kasuwa ya sa ni a mota munka tafi Dogon Dutsi. Lokotoron, wato likitan da munka tarar, Bazabarme ne, saurayi, bai daɗe da zuwa ba, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Tare da shi akwai wata ma'aikaciya, Madam Marta, Bahaushiya Kirista 'yar nan Dutsi. Ya sa abin sauraro a ƙirjina da bayana ya daɗe yana ji. Ya danna ƙaurina da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Da ya ji babanku yana Faransanci sai ya yi murna, ya ja kujera ya zauna ya soma magana.

Ya yi magana mai tsawo, Nomau. Da babanku yake yi, amma ni yake kallo. Ya nuna ƙirjina, ya nuna cikina, ya buɗe hannu ɗaya, ya buɗe ɗayan, kamar mai nuna hanya biyu. Na ga ƙafar babanku tana rawa. Ya cire hula ya mayar. Ana cikin haka anka leƙo anka kira Madam Marta, wai wata tana naƙuda, ta fita da sauri. Lokotoro ya gama, ya nuna ni da hannu, wato a gaya mini.

Babanku ya juyo ya ce, "Ya ce ki bar cin gishiri da kanwa, ki bar daka da ɗaukar ruwa, ki riƙa shan magani."

Maganar da ta isa a dafa shayi a sha, ta zo mini cikin numfashi guda. Na lura. Ba yarinya ba ce ni, na san gishiri ba ya sa ƙafar namiji rawa. Amma ban tambaya ba. An rene ni a kan mace ba ta ja wa mijinta magana gaban baƙo, kuma shi ne mai ilimi, ni ko baƙi ban sani ba. Lokotoro ya sake yin wata tambaya yana kallona. Babanku ya ce, "Ce masa kin ji." Na gyaɗa kai na ce, "To, na ji." Mutumin ya dube ni ya daɗe, ya girgiza kai, ya rubuta takardar magani.

Wannan ne kuskurena na fari, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, ni kuwa ina da baki na zauna na ɓace. Don haka in ka ga matarka ta ce "to" da sauri, kada ka ɗauka ta gamsu. Wani lokaci kunya ce ta rufe mata baki, wani lokaci tsoron ɓacin ranka. Ka koyi tsayawa ka ce mata, "Akwai abin da kike so ki tambaya?" Sannan ka yi shiru ka jira, ko da jiran ya yi tsawo.

Munka koma gida. Na bar daka na ɗan lokaci. Amma damina ta faɗi, aiki ya yi yawa, kakarka ta soma cewa matan zamani ciki kaɗan sai su kwanta. Ba laifinta ba ne, ita ma gishiri da kanwa anka gaya mata. Ni kaina ban ga dalilin da zan zauna ina kallon tsohuwa tana daka ba. Na koma ga turmi, na koma ga rijiya.

Cikin ya shiga wata na bakwai, gero ya kai ƙugu. Wata hantsi na ɗauki fura zan kai wa masu noma. Na tuna na shiga tsakanin kuyya, na tuna na ga sama ta yi fari. Sauran labarin ji na yi. An ce a amalanken jaki anka ɗauko ni, ruwa ya yanke hanya, anka jira ya janye. Anka kai ni Dutsi, Dutsi sunka ce sai Dosso. A can anka haifi yarinya, 'yar ƙarama, ba ta kai suna ba ta koma. Ban ga fuskarta ba, don ban san inda kaina yake ba. Na yi watanni kwance. Kana iya tunawa, lokacin da anka ce maka Inna ta tafi ganin dangi a Dosso, kana zuwa bakin hanya kana tambayar direbobi. Tun daga nan ban sake haihuwa ba, ban kuma sake ɗaga taɓarya ba. Na ce ƙaddara ce, na rungume ta. Har gobe ban daina cewa ƙaddara ce ba.

Shekaru sunka wuce, har ka shiga kolej. Na tafi Tibiri sunan jikar yayata. Muna zaune a rumfar mata ana rabon fura, sai wata dattijuwa mai tabarau ta yi ta kallona. Can ta matso.

Ta ce, "Ke ba matar Mushe ba ce ta Ɗan Kassari? Mai ciwon zuciya?"

Na ce ni ce. Ta ce ita ce Madam Marta, ta bar aiki yanzu. Ta kama hannuna da hannu biyu.

"Allah Sarki! Ashe kina raye. Na daɗe ina ba sauran mata labarinki. Matar da anka ce ta zaɓa, ta ce ta ji, ta ɗauki mayafinta ta koma ƙauye ba ko hawaye. Na ce ban taɓa ganin mai ƙarfin hali irinta ba."

Na ce, "In zaɓi mi?"

Ta dube ni. Ta saki hannuna. Ta ce, "Taso mu koma can gindin bedi."

A nan ta gaya mini abin da lokotoro ya faɗa, yadda shi da kansa ya ba ta labari bayan ta dawo. Ya ce zuciyata ta gaji, ya fi zaton ba za ta ɗauki wannan ciki har ƙarshe ba, ana iya rasa ni da abin da ke cikina gaba ɗaya. Ya ce in rai na cikin haɗari irin wannan, doka ta ba da hanya: a tura ni Yamai, manyan likitoci su duba, in sun yarda a cire cikin tun yana ƙarami. Ya ce in ban yarda da haka ba, hakkina ne, amma kada in koma ƙauye. In zauna Dutsi kusa da gidan likita, ba aiki ko kaɗan, ana duba ni a kai a kai. Tambayar da ya yi daga ƙarshe, wadda na amsa da "na ji", cewa ya yi wacce na zaɓa.

Madam Marta ta yi ta cewa da ta sani da ba ta fita ba. Na ce mata ba komai. Na koma rumfa, anka miƙo mini fura, na riƙe ƙwaryar har ta tsinke ban sha ba.

Da na dawo gida ban yi magana ran nan ba. Washegari da azahar, kuna makaranta, babanku yana zaune a zaure yana gyaran takardun yara. Na shiga na zauna bakin tabarmarsa, abin da ban saba yi ba.

Na ce, "Mushe, mi lokotoron Dutsi ya ce?"

Ya ce, "Wane lokotoro?"

Na ce, "Ka san wanne."

Ya rufe littafin da ke gabansa. Bai yi musu ba, wannan kam zan shaide shi. Ya maimaita mini duka, daidai da yadda Madam Marta ta faɗa, kamar ya daɗe yana bita a ransa.

Na ce, "Mi ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Na ji tsoro ki ce i, mu ɗauki alhakin rai. Na kuma ji tsoro ki ce a'a, ki zauna kina jiran mutuwa da saninki. Sai na ce bari in ɗauki kayan ni kaɗai, in yi ta addu'a."

Na ce, "To zaman Dutsi fa? Shi ma alhaki ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "In na ce ki zauna Dutsi, Iya za ta tambayi dalili. In na faɗi dalili, kafin magariba gari ya ji an yi zancen cire ciki a gidan Mushe. Da ma cewa suke lakkol tana ɓata 'ya'ya mata. Wa zai sake ba ni ɗiyarsa?"

Na ce, "Kayan da ka ce ka ɗauka kai kaɗai, ni ce na faɗi da shi cikin gero."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Ni kuwa nawa sunka ƙi zuwa. Na yi rani guda ban ce masa komai ba sai ga abinci, ga ruwa. A wannan ranin na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ina zama da yara sa'annin Saude ana mini dariya. Da na iya haɗa baƙi, shi ne da kansa ya riƙa zama da ni bayan azahar yana koya mini sunan zuciya da jini da mahaifa da Faransanci. Da haka munka shirya. Kada ka ƙi babanku a kan wannan. Ba mugu ba ne. Yana sona, kuma son ne ya sa shi ya ga kamar ya fi ni sanin abin da zan iya ji. Ina gaya maka ne don na ga irin wannan so a idonka ranar da ka ɗauki salular Zaliha.

Za ka so ka san abin da zan zaɓa da an gaya mini. Na tambayi kaina ba iyaka. Na fi zaton da ban yarda a cire ba, don yarinyar ta riga ta shiga raina. Amma ba zan rantse ba, saboda ina da ku biyu ƙanana, kuma wanda ba a tambaya ba bai san amsarsa ba. Abin da na tabbata shi ne da ban koma ga turmi ba. Da na zauna Dutsi gidan ƙanwar babana. Da ciwon ya taso ina kusa da likita, ba bayan ruwa ba. Ko yarinyar za ta rayu, Allah kaɗai Ya sani. Da kuma na kira ka na sa maka albarka da bakina kafin in kwanta, maimakon a bar ka kana tambayar direbobi. Ka gani, ba hanya ɗaya anka ɓoye mini ba. Garin rufe wadda ake tsoro, anka rufe har da wadda kowa zai yarda da ita.

Na san za ka ce addini. Ni ma shi na fara tunawa. Na tafi wurin kawuna Malam Tanko, Allah Ya jiƙansa, ka san shi, ba mai sassauci ba ne. Na zauna bayan asabari na ba shi labari kamar na wata ce. Ya ce zubar da ciki haka kawai babban laifi ne, babu ja a ciki. Amma in likitoci amintattu sun tabbatar ran uwa zai tafi, malamai sun yi magana a kai tun da daɗewa, kuma akwai sauƙi. Sannan ya ce, "Ɗiyata, waɗannan babuka suna nan cikin littattafai, muna karanta su. Ba mai zuwa ya tambaya ne, mu kuma muna jin nauyin farawa." Kai da kake zama gaban malamai fiye da ni, ka tambaye su. Ban ce ka ɗauki maganata a kan hukunci ba. Na ce dai abin da malamai sunka rubuta a littafi sunka karantar, bai kamata ya zama abin da kunnen mace ba zai ji ba.

Da a ce wannan ya sa na yi hankali, da sai in tsaya nan. Bai sa ba.

Akwai lokacin da gidan radiyon nan namu yake da shiri na mata. Wata ungozomar likita ke zuwa, mata suna kira suna tambaya ba tare da faɗin suna ba. Muna sauraro muna tankaɗe. Wata rana ta yi magana a kan ɓari, da abin da ya kamata mace ta yi in jini ya ɓalle mata, ko mene ne sanadinsa. Wasu maza sunka tafi wurin shugaban gidan sunka ce ana koya wa mata zubar da ciki. Mako na gaba da lokacin ya yi, sai munka ji kiɗa da gaishe-gaishe. Mata sunka yi ta gunaguni a bakin famfo. Wata ta ce mu haɗu mu tafi mu ce a maido mana shirinmu, ta kuma ce ni ce zan yi magana tunda na iya karatu. Na ce ba da ni ba, kada a ce matar Mushe ce ta ja gaba. Ka ji, kalmar babanku ce ta fito daga bakina. Ba wadda ta tafi, shirin bai dawo ba.

A gida ma haka. Duk abin da ya same ni, ban taɓa zaunar da Saude na gaya mata komai ba. Na aurar da ita da gado da kwanoni da turaren wuta, ban ba ta kalma ɗaya a kan jikinta ba.

Abin da zan faɗa yanzu na nemi izininta, ta ce in faɗa. Shekarar da kake karatu a Yamai anka ce maka ta yi zazzaɓin sauro mai tsanani. Ba zazzaɓin sauro ba ne. Ɓari ta yi. Mijinta ya tafi cin rani Najeriya bai daɗe ba, cikin nasa ne, kowa ya ƙirga zai gani, amma ta ji tsoron baki. Ta kuma ji ana faɗa a unguwa cewa duk macen da ta je likita tana zubar da jini, sai an tsare ta an tambaye ta abin da ta sha, a kira mata jandarma. Sai ta rufe ɗaki ta yi ta jiƙa sassaƙe tana sha. Kwanaki tana haka. Allah ne Ya kai ni, na je kai mata kuka da kuɓewa. Ina ɗaga labule wari ya gaya mini komai. Jikinta kamar garwashi, leɓenta ya yi fari.

Na ce, "Saude, tun yaushe?"

Ta ce, "Inna, don Allah kada ki kai ni. Za su ce ni na yi."

Na fita ba ko takalmi na tsayar da mai moto, wato babur, munka sa ta a tsakiya ina riƙe da ita. A gidan likita ba wanda ya kira jandarma. Ungozomar ta tambaya tun yaushe, ta yi mata wankin ciki, ta sa mata ƙarin ruwa. Ni ta juyo ta yi wa faɗa, ta ce da mun ƙara kwana da gawa za mu kawo. Abin da Saude ke bukatar sani bai fi a faɗa cikin numfashi biyu ba, kuma shi ne abin da matar radiyo ta faɗa ranar da anka rufe mata baki. Ni na ji shi da kunnena. Ɗiyata ba ta ji ba, don ba a sake faɗa ba, ni kuma ban kai mata ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Nomau. Shirun da muke yi bai taɓa hana mai niyyar ɓarna yin ɓarnarta ba, ita ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Masu kunya irin Saude da irina yake kayarwa.

Ban ce duk abin da ke cikin salula gaskiya ne ba. Na san akwai 'yan tallan ƙwayoyi, akwai maƙaryata, akwai masu wata manufa. Tsoronka yana da tushe. Amma in ka ji abin da ba ka yarda da shi ba, ku saurare shi tare har ƙarshe, ku ɗauke shi ku kai wa likita, ku kai wa malami, a tace muku. In ka goge, ba ka cire tambayar daga ranta ba. Ka dai koya mata kada ta sake yin ta gabanka, sai ta je ta yi ta wurin wadda ba ta san komai ba.

Ka maida ta cikin rukunin matan nan, da hannunka, tana gani. Ka bar ta ta shiga maƙwabta ta koyi Zabarmanci, ko za a yi mata dariya. In kun je awo, ka fara tambaya ko akwai ma'aikaciya mai jin Hausa, in akwai ka fita ka ba su wuri, don akwai abin da ba za ta iya faɗa gabanka ba. In babu, sai ya zama kai ne bakin likita kuma kai ne bakinta, to ka ji tsoron Allah cikin wannan amana. In ya yi magana mai tsawo, ka yi mai tsawo. In ya faɗi abin da ya sa gwiwarka ta yi sanyi, ka faɗa mata da sanyin gwiwar. In ta yi tambayar da ta ba ka kunya, ka juya ta yadda ta yi ta, kada ka gyara. Bayan ta ji, kana da bakin magana, mijinta ne kai, abin da ke cikin naka ne, ku yi shawara, ku yi istihara, ku kira mu. Ina roƙon Allah kada Ya kawo muku ranar zaɓi irin tawa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, jikin kuwa ita ke cikinsa.

Saura abu guda. Zaliha karatun allo ta yi, ba ta karanta boko. Wannan takarda da sunanka na buɗe ta, amma rabinta nata ne. Ka zaunar da ita ka karanta mata daga sallama har sa hannu, da wurin da ya taɓa babanku, da wurin da ya taɓa ni, da wurin da ya taɓa ka. Ba zan tambaye ta ko ka yi ba, ba zan kuma tambaye ka ba. Ba ni da hanyar sani. Kai kaɗai za ka san ko ka tsallake layi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare fitarka da shigarka, Ya kare ku daga sharrin hanya da na mutum. Allah Ya sauki Zaliha lafiya, Ya ba ta ɗa ko ɗiya mai albarka, ta ga fuskar abin da ta haifa da idonta, ta rene shi da hannunta. Amin.

Ni ce innarka,
Rabi, Ɗan Kassari